Gwiwa Ɗaya a Ƙasa

Anti Eula,

Ki taimake ni kafin Asabar ta sama, don abin da nake ɗauke da shi ya kai min iya wuya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan. In na faɗa wa faston cocinmu, zai mai da ni wa'azin Lahadi. In na faɗa wa mataimakana, kafin rana ta faɗi an ji a shagon aski. Matata kuwa ta ji har ta gaji, ita ce ma ta ajiye min jaridarku a teburin cin abinci, a buɗe daidai shafinki, ta wuce abinta. Ni da nake daka wa ƙarti kusan ɗari tsawa kullum su shiga taitayinsu, yau ga ni ina rubuto wa filin da 'yan mata ke kawo ƙarar samarinsu. Ki yi dariyarki, na yarda, amma ki karanta har ƙarshe.

Ni ne babban kocin ƙwallon Amurka, irin wadda ake jifa da hannu, na wata kwaleji a nan jihar Mississippi. Ba zan faɗi sunanta ba, zan kira ta Bakin Kogi. Wadda na yi karatu a cikinta na kuma buga wa ƙwallo, abokiyar gabarmu tun zamanin kakanni, zan kira ta Kan Tudu. Sunayen mutane ma duk na sauya. Mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami zan kira shi Koci Purifoy, kuma ki sani ko sunan ƙaryar nan da na rubuta sai da na ciji leɓe.

Ni ɗan yankin Delta ne na jihar nan tamu. Babana a masana'antar gyaran tarwada ya ƙare rayuwarsa, yana fiɗa yana yanka tun safe, ya dawo rigarsa sharkaf da ƙarni, sai ya tuɓe ta a baranda kafin ya shiga ɗaki. Uwata ta rasu ina ƙarami, mu biyu ne kawai. A wannan barandar Purifoy ya zo ya zauna lokacin da nake gama sakandare, ya sha shayi mai ƙanƙara, ya ci burodin masara har da neman ƙari, sannan ya dafa kafaɗar babana ya ce, "Mista Alton, ka ba ni yaron nan, zan riƙe shi kamar ni na haife shi." Babana mutum ne da in ka ci abincinsa ka yi magana, shi a wurinsa an gama. Ya ba shi ni.

Shekara biyu ni ne mai jifa na farko a Kan Tudu, ni ake miƙa wa ƙwallo, ni ke raba ta. Babana bai taɓa gani da idonsa ba, don Asabar ranar aiki ce a masana'anta. 'Yar rediyo yake ratayewa kusa da teburin fiɗa, in an ambaci sunana ya ɗaga wuƙa sama, abokan aikinsa su yi masa tafi da hannuwa duk jini. A shekara ta uku gwiwata ta dama ta fara ciwo. Likita ya ce in huta, Purifoy ya ce a yi min allura in shiga, wasan babba ne. Na shiga, gwiwar ta tsinke, aka fitar da ni a kwance. Da na warke na tarar an ba wani gurbina, aka miƙo min allon da ake rubuta dabarun wasa, in tsaya a gefe in riƙe. Ban yi ƙorafi ba, yaron ya fi ni ƙafa, kuma haka ƙwallo ta gada. Abin da ya ci min rai shi ne daga ranar Purifoy ya jefar da sunana, ya koma kirana Riƙe-Allo, har 'yan ajin farko suka ɗauka.

Kin san wasan ƙarshe na gida, ranar sallamar 'yan ajin ƙarshe, yadda kowa ke fitowa tsakiyar fili da iyayensa kafin a fara. Kin kuma san abin da kowane koci mai mutunci yake yi in an yi wa abokan karawa nisa kuma lokaci ya zo ƙarshe. Ba a ƙara musu ci. Sai a fitar da gwani, a shigar da ɗan ajin ƙarshen da ya sha zaman benci, lasifika ta kira sunansa, ya karɓi ƙwallo, ya ja da baya, ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, agogo ya cinye sauran. Ba mai taɓa shi. Durƙuso ke nan, ko mai ɗingishi zai iya. Shi kaɗai na sa wa rai a shekarar, ban nemi komai bayansa ba.

Ranar sallamarmu babana ya yi fashin aiki, abin da bai taɓa yi ba. Huhunsa ya riga ya lalace, wani maƙwabci ne ya kawo shi a mota, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci da ta yi masa yawa saboda rama. Da muka fito fili yana riƙe da hannuna, yana tsayawa yana maida numfashi, yana kallon jama'a kamar shi aka zo gani. Ya ce min a kunne, "Yau rediyo ta huta."

Wasan bai yi wuya ba, mun yi musu nisa tun kafin hutun rabin lokaci. Minti na ƙarshe ya zo, ƙwallo tamu ce, muna bakin gidansu. Abokan wasana suka fara kiran sunana, sunana na gaskiya, 'yan kallo suka amsa, abin ya zagaye fili. Na ajiye allo, na sa hular kwano, na ɗaure, na matso kusa da shi ina jira. Purifoy ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, ya cire usur daga bakinsa ya ce, "Filina ba coci ba ne. Mai son durƙuso ya jira Lahadi." Ya sa aka sake jifa, aka ƙara musu wani cin da ba mu da buƙatarsa. Daga baya na ji ashe mutanen wata babbar jami'a ne suke zaune a sama suna duba ko za su ɗauke shi, yana so allon maki ya yi musu kyau. Ba su ma ɗauke shi ba.

Na sami babana a bakin ƙofa, ya jingina da waya yana jira. Ya shafa min ƙirji, ya yi murmushi ya ce, "Rigarka ta yi kyau, ɗana. Fes, ko ɗigon datti babu." Anti, kin san a wasan nan ba abin kunyar da ya kai ka fito da riga fes. Na kama hannunsa na raka shi mota. Bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Purifoy ya aiko furanni wajen jana'iza, da katin da sakatariyarsa ta rubuta, sunan babana ma ba daidai ba.

Daga nan na shiga aikin koci, kuma ba zan ɓoye miki ba, da farko ba son sa nake ba, so nake wata rana in tsaya a ɗaya gefen filin in kalli mutumin nan ido cikin ido. Na fara da wata sakandare a ƙauye inda ni ne koci, ni ne direban bas, ni ne mai zana wa fili layi. Na yi mataimaki a Arkansas, na yi a Louisiana, na yi a wani gari a Texas da ko karnuka ba sa son zama. Matata Renita ta ɗaure kaya ta kwance har ta daina zubar da kwalaye, tana ninke su a gareji don ta san za a sake. Sau ɗaya na kusa zama babban koci tun ina da sauran baƙin gashi, an gama magana, har Renita ta je ta dubo wa yara makaranta. Sai shugaban wasanninsu ya ce bari ya buga wa tsohon kocina waya don cika al'ada. Mutumin da bakinsa ya gaya min amsar da ya samu: "Allo ya iya riƙewa, ban san ya iya riƙe mutane ba." Aikin ya tafi, na ƙara shekaru ina ɗaukar wa wasu jaka.

Shekara uku ke nan da Bakin Kogi suka ɗauke ni. Ƙungiyar a mace na same ta, ko 'yan badujala sun fi 'yan wasan ƙarfi. Shekarar farko Purifoy ya yi mana dukan kawo wuƙa, da muka haɗu a tsakiyar fili don gaisawa ya ce, "Riƙe-Allo, ashe har usur aka ba ka?" Bara da ƙyar ya sha, ya kama hannuna yana dariya ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Ka gaishe min da babanka." Babana, Anti. Mutumin da ya fi shekara ashirin a ƙasa. Allah ne kaɗai ya riƙe min hannu ranar, da 'yan jaridar da ke tsaye.

To bana Allah ya juyo da abin. Sau ɗaya kawai aka ci mu duk kakar nan. Ina da wani mai jifa ɗan aji biyu wanda ban taɓa ganin hannu irin nasa ba, ina da masu gudu da sai dai a ga bayansu. Kan Tudu kuwa ta zube, kowa ya zo ya taka. Purifoy ya haura saba'in, a 'yar motar lantarki yake zagaya wurin atisaye, kuma ya sanar bana zai ajiye usur. Wasansa na ƙarshe a duniya shi ne Asabar ɗin da ke bayan Bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, a filina, ranar sallamar 'yan ajin ƙarshenmu. Shugaban kwalejinmu wai har kujerar lilo ya sa aka sassaƙa za a ba shi a hutun rabin lokaci, 'yan badujalarmu su busa masa taken makarantarsa. Na ce to. Su ba shi kujera, ni ma ina da tawa kyautar.

Maki saba'in nake so, ɗaya-ɗaya na shekarunsa, in an samu ƙari ba na ƙi. Gwanina ba zai fito ba har ƙarshe. Za mu yi ta jifa ko saura daƙiƙa ɗaya, in agogo ya nemi ya cece shi in tsayar da agogon. Ina so in ga tsohon nan a tsaye a gefe, yana duban allon maki yana roƙo a ransa in sa a durƙusa, ni kuma in ƙi. Ina so jikokinsa su gani. Ina so duk ranar da ya zauna a kujerar lilon nan ya tuna ranar da aka ba shi ita. Na san ba maganar mai zuwa coci ba ce, amma gaskiyar cikina ke nan, kuma tunanin nan kaɗai daɗi yake min kamar an zuba min ruwan sanyi.

Renita ce ta tsaya min. Ta ce in haka zan yi, kujerarta a filin wasa za ta kwana ba kowa, za ta tafi Memphis gidan ƙanwarta ta ci ragowar talotalon biki. Matar da ba ta taɓa fashin wasan gida ba, ko ranar da naƙudar ɗanmu na biyu ta kama ta sai da aka janye ta daga wurin zama tana tambayar nawa-nawa ake. Jiya ina zagaye a tsakar gida ta leƙo ta taga ta ce, "Baban Marcus, ka lura ka fara tafiya irin tasa? Hannu a baya, kana tauna usur." Na yi fushi har na kasa cin abinci.

Akwai kuma wata 'yar matsala da ita Renitar ke ta kawo min. Ina da wani ɗan ajin ƙarshe, zan kira shi Bynum, mai jifa na uku. Ba mu muka nemo shi ba, shi ya kawo kansa, ba shi da gurbin karatu kyauta, lodin manyan motoci yake yi yana biyan makaranta. Aikinsa a atisaye ya kwaikwayi mai jifan abokan gaba, ƙartina su yi ta kayar da shi duk mako, ya tashi ya kaɗe jiki ya koma. Shekara huɗu bai taɓa taka fili a wasa ba, don ba mu taɓa yin ƙarfin da za mu huta ba sai bana, bana kuma mai jifa na biyu nake ba dama. Makon jiya ya shigo ofishina da hula a hannu, ya ce kakarsa da ta raine shi, Mis Ozella, za a kawo ta daga gidan tsofaffi a motar coci. Ya ce, "Koci, ko durƙuso ɗaya ne, don dai ta ji an kira sunan." Na ce masa za mu gani.

Kada ki ce min abu ɗaya ne, don ba ɗaya ba ne. Ni ban zauna a barandar kakarsa na ci abincinta na yi alkawari ba. Ban karya masa gwiwa ba, ban laƙaba masa suna ba, ina ma son yaron. Da wani wasan ne da tuni na ce masa ya shirya. Amma Asabar ɗin nan babu durƙuso, to ina zan sa shi? Rashin sa'a ce ta haɗa ranarsa da ranar Purifoy, in akwai mai laifi Purifoy ne.

Abu biyu nake so ki gaya min. Yaya zan sa Renita ta gane cewa abin nan ba mugunta ba ce, hakki ne? Sannan in an tashi, in je tsakiyar fili in kama hannunsa in mayar masa da maganarsa, in ce filina ba coci ba ne, ko kuwa in bar shi tsaye da hannu a miƙe in wuce? Na kasa zaɓa, duka biyun suna min daɗi. Kada dai ki ce in yafe, na ji wannan a wurin fasto kyauta.

Naki,
Riƙe-Allo, daga Bakin Kogi

Amsar Anti Eula

Ɗana Koci,

Ba zan kira ka da sunan da ka sa hannu da shi ba, don ba shi iyayenka suka raɗa maka ba, kuma ya kamata kai ma ka daina ɗaukar masa shi. Wahalar sauya sunaye da ka sha kuwa, sannu, amma jihar nan ƙarama ce, ni kuma tun kafin a haife ka nake zama a filayen nan da bargona da gyaɗata. Kada ka damu, bakina a rufe yake.

An zalunce ka, kuma ba ƙaramin zalunci ba. Mutum ya ci abincin mahaifinka ya yi alkawari, ya ci gwiwarka, sannan ya hana ka abin da ba zai rage shi da komai ba, a gaban tsoho mara lafiya. Ya kuma bi ka da baki ya tare maka hanya. Ba zan ce ka yafe ba. Yafiya ba a yin ta don jarida ta ce, in ta zo za ta zo da ƙafarta. Ni ma so nake ka rama. Damuwata ita ce ramuwar da ka shirya ba za ta same shi ba.

Dubi maganar nan ta bara, ta ka gaishe da babanka. Kai ka ɗauke ta cin fuska. Ni na fi zaton mantuwa ce ta mutumin da ya haura saba'in, wanda yara dubbai suka bi ta hannunsa. Na san wannan ya fi zafi, a ce ranar da ta raba rayuwarka biyu shi ko tuna ta ba ya yi. Amma in haka ne, maki saba'in ba za su tuna masa komai ba. An sha dukansa a baya, shi ma ya sha dukan wasu, yarensa ne. Ka san abin da zai yi? Zai zauna gaban 'yan jarida ya gyara murya ya ce, "Yaron nan ni na koya masa. Ba ya ɗaga ƙafa, jinina ne." Washegari a buga hotonka kusa da nasa. Ka ba shi abin da ya fi kujerar lilo ke nan, ka ba shi magaji. Renita ta riga ta hango maka wannan ta taga.

Dukan kuma a jikin wa zai sauka? Ba Purifoy za a kayar ba, yana gefe da rigar sanyinsa. Yaran Kan Tudu ne, waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da aka yi maka abin, cikinsu akwai masu buga wasansu na ƙarshe, iyayensu na kallo. Ga kuma gwaninka, da za ka bari a fili bayan an gama cin wasa, tsakiyar ƙarti masu jin haushi da ba su da abin asara. Duk jihar nan ba wanda ya fi ka sanin abin da gwiwa ɗaya ke jawowa.

Ka ce kada in ce maka abu ɗaya ne da na Bynum. To ban ce ba. Bambance-bambancen da ka lissafa duk gaskiya ne, kai ba Purifoy ba ne. Sai dai Mis Ozella daga inda za a zaunar da ita ba za ta hango su ba. Abin da za ta gani shi ne jikanta ya sa hular kwano ya matso kusa da kocinsa, kocin ya ƙi waiwayowa don yana da wani lissafi a ransa. Ka san wanda ya taɓa ganin wannan.

Yanzu ga shawarata, kuma ka lura ba ta waliyyai ba ce. Ka ci shi. Ka ci shi da kyau, kada ka ji tausayi tun daga farko har wasa ya fita daga hannunsa, wannan aikinka ne kuma hakkin yaranka ne. Daga nan ka fitar da gwaninka ya huta wa wasannin da ke gaba. Ka yi iya ƙoƙarinka ƙwallon ƙarshe ta zama taku, ku tura ta har bakin gidansa, inda kowa a filin ya san taku ɗaya ya rage ku ƙara ci. A nan za ka tsayar da agogo, kamar yadda ka yi niyya. Ka bari filin ya yi tsit. Sannan ka kira Bynum da sunansa, da ƙarfi, ka tura shi, lasifika ta faɗa, ya karɓa ya kai gwiwa ƙasa a ƙofar gidan Purifoy. Ba kocin da bai san ma'anar wannan ba. Cewa ka yi, a tafin hannuna kake, na ga dama na ƙyale ka. Mutum irin Purifoy zai iya haɗiye maki saba'in da kofin shayi, amma a tausaya masa a bainar jama'a ranar sallamarsa, daga hannun wanda ya kira Riƙe-Allo, wannan zai bi shi har kujerar lilon. Kuma in akwai abin da zai farfaɗo masa da waccan ranar, to wannan ne.

Ka kira Bynum yau, ba gobe ba, ka janye za mu gani ɗin nan, ka ce masa ya sa a kawo kakarsa. Ka faɗa masa gaskiya cewa in wasa ya yi zafi har ƙarshe cin wasa ne gaba, zai gane, ɗan ƙwallo ne. Amma kai da ni mun san ba zai yi zafi ba.

Batun gaisuwa, ka je ka kama hannunsa. Wanda ya yi nasara ba ya gudun tsakiyar fili. Kada ka ari maganarsa, ta tsufa kuma ba taka ba ce. In ya yi shiru ka yi shiru. In ya taɓa ka da baki, ka ce masa, "Yau Asabar ce, Koci, kuma mun durƙusa." Ka sake shi ka tafi wurin yaranka. Renita kuwa ba sai ka gane da ita komai ba. Ka gaya mata abin da ka yanke, za ka ga ta fasa Memphis da kanta.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi tsaya min a wasiƙarka. Shekara ashirin da ɗoriya kana jin maganar mahaifinka da kunnen ɗan ƙwallo, kana jin kunya. Ka sake jin ta da kunnensa. Mutumin da kullum sai ya tuɓe rigarsa a baranda saboda ƙarni, ya tsaya a bakin ƙofa ya ga ɗansa ɗaya tilo ya fito daga kwaleji, dab da karɓar digiri, dubban mutane sun gama kiran sunansa, cikin riga fes. Ba lallashinka yake yi ba, ɗana. Don rigar nan ta zama fes ya yi ta fiɗar tarwada duk tsawon ransa, kuma ya gani kafin ya tafi. Purifoy ya hana ka durƙuso, bai iya hana tsohon nan abin da ya zo gani ba.

Durƙuson kuwa yana nan yana jira, kuma yanzu usur a hannunka yake. Ranar Asabar in Bynum ya miƙe, ka dubi gwiwar wandonsa, za ka ga ɗan koren ciyawa. Ka ce wa mai wankin kaya kada ya taɓa shi, a naɗe wandon a ba Mis Ozella ta tafi da shi.

Allah ya jiƙan Mista Alton, ya ba ku nasara, ya fitar da yaran ɓangarorin biyu lafiya. Ka gaishe min da Renita, ka ce na gode da ta buɗe shafin.

Taka,
Anti Eula